Karanta Hoton Asibiti Daga Nesa: Yadda Aikin Yake da Yadda Ake Tsare Sirrin Majinyaci

Kamar yadda jama'a suka sani, idan mutumin Durun ko wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kabo ya faɗo daga babur, ko kuwa tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita yakan tura shi a ɗauki hoton ƙashi ko na ƙirji. Ɗaukar hoton aiki ne guda, karanta shi kuma wani aikin ne dabam. Ma'aikacin ɗakin hoto shi ke sarrafa na'ura, amma fassara abin da ya fito da rubuta rahoto a kansa aikin likita ne wanda ya ƙware a wannan fanni. Irin waɗannan likitoci ba su da yawa a ƙasar nan, kuma akasarinsu suna manyan asibitocin birni, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga Gwarzo zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 70 ce, ga kuɗin mota, ga barin gona. Dalili ke nan da ya sa aka fito da tsarin aika hoton ta kwamfuta zuwa ga likitan, maimakon a ɗauki majinyaci a kai shi.

Nijeriya ta gwada duba marasa lafiya daga nesa tun a 2007 ta hanyar tauraron ɗan Adam na NigComSat-1, wanda ya daina aiki a watan Nuwamba 2008. A yau intanet ake bi.

Yadda hoto yake tafiya

Na'urorin zamani ba fim suke fitarwa ba, fayil ne na kwamfuta, bisa wata ƙa'ida ta duniya mai suna DICOM wadda aka tsayar a 1993. Fayil ɗin yana ɗauke da hoton, yana kuma ɗauke da sunan majinyaci, da lambar katinsa, da ranar haihuwarsa, da ranar da aka ɗauki hoton. Daga na'ura sai ya shiga rumbun ajiyar hotuna na asibiti, wanda ake kira PACS, daga nan a tura shi tare da taƙaitaccen bayanin ciwon. Likitan da ke can nesa zai ga jerin aikin da ke jiransa, na gaggawa a sama, kamar wanda ya yi haɗari ya bugu a ka. Idan ya karanta sai ya rubuta rahoto, ya sa hannu, rahoton ya dawo ga likitan da ya turo. In ya ga abin da ba ya jira, to ƙa'ida ita ce ya buga waya nan take.

A nan ne muke so a tsaya a lura. A ƙasarmu suna yana maimaituwa ƙwarai: a rana guda ana iya ɗaukar Musa Abdullahi biyu, ko Hauwa Ibrahim uku, kuma da yawa daga dattawanmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. Likitan da ke nesa bai ga fuskar kowa ba, abin da aka rubuta kawai yake gani. Idan aka yi kuskuren lamba tun a teburin rajista, rahoton mai tarin fuka zai iya faɗawa kan mai lafiya, shi kuma mai ciwon a sallame shi ya koma gida cikin iyalinsa. Saboda haka muna shawartar kowa ya riƙe katinsa na asibiti, kada ya ari na ɗan'uwansa don gudun kuɗin sabon kati, kuma idan an miƙo masa rahoto ya sa a karanta masa suna da lamba kafin ya tashi.

Tsare sirri

Tsari mai kyau yana kulle fayil da lambobin sirri yayin da yake tafiya a intanet da kuma lokacin da yake ajiye, ta yadda ko wani ya tare shi ba zai iya buɗewa ba. Kowane ma'aikaci yana da sunan shiga da kalmar sirri tasa shi kaɗai, kuma kwamfuta tana rubuta wanda ya buɗe hoton wane, da ƙarfe nawa. Haka kuma ana ajiye kwafi a wani wuri dabam saboda gobara ko lalacewar na'ura.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum sirri ne. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta sa shi cikin bayanai masu buƙatar tsaro na musamman, ta kuma wajabta a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan an sami ɓarakar da za ta iya cutar da masu su.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu, wato a ɗaga fim a jikin taga, a ɗauke shi da waya, a tura wa wani likita ta WhatsApp. Mun san larura ce take kawo haka, amma a ganinmu bai kamata ta zama hanyar aiki ta kullum ba. Hoton asali yana iya ɗaukar matakan haske da duhu har dubbai, na waya kuwa 256 ne kacal, don haka siririyar tsagewar ƙashi ko ɗan tabo a huhu sai ya ɓace. Bugu da ƙari, hoton yana zama a wayar mutum da sunan majinyaci a jiki, waya kuwa ana sace ta, ana kai ta gyara, yara ma suna wasa da ita.

Ba kowane hoto ne ya dace da wannan tsari ba. Sikanin masu juna biyu ya dogara ne a kan hannun mai yin sa a lokacin. Hoton ƙirji kuwa ya dace sosai, har a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen tace shi don neman tarin fuka ga masu shekara 15 zuwa sama. Duk da haka, gwajin majina ne yake tabbatar da cutar.

Ga kansiloli, da dagatai, da kwamitocin lafiya na mazaɓu: duk wanda ya zo da tayin kafa wannan tsari a asibitin yankinku, ku tambaye shi wane likita ne zai karanta, ko yana da rajista da Hukumar Likitoci ta Nijeriya, a ina za a ajiye hotunan, awa nawa rahoto zai ɗauka, sannan wa zai biya kuɗin intanet da na wutar sola bayan shekarar farko.