Riƙo Ya Girmi Kwalba

A ƙarshen 1949 wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Tsohuwar ita ce Baba ta Karo, littafin kuma ya fito a 1954, shekara uku bayan rasuwarta. Baba ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Duk da haka ɗakinta bai rabu da yara ba, don dangi sun ba ta 'ya'ya ta riƙa har suka girma a hannunta.

Haka abin yake a ƙasar Hausa tun kafin a san asibiti. Ranar yaye akan kai yaro gidan kaka ya yi 'yan kwanaki har ya manta nono. A nan ne goggon da ta daɗe a ɗaki shiru za ta sa baki, ta ce wa ɗan'uwanta, "Yaya, a ba ni ita ta riƙa ɗebe mini kewa." Da wuya a hana ta, musamman in ɗan fari ne, wanda dama uwarsa ba ta ko iya kiran sunansa don kunya. Daga ranar ita ce ci, ita ce sutura, ita ce allon makaranta, in an zo aure ita ce mai tara kwanuka da gara. Yarinyar kuwa ta san ubanta, ta san ɗakin da aka haife ta, da Sallah ma can ake kai ta gaisuwa. Ba a ɓoye mata komai, don babu abin ɓoyewa. Ba wai riƙo bai da tabo ba ne. Akwai 'yan riƙon da suka tashi tsakanin murhu da rijiya da farantin talla, kowa ya san irinsu. Amma ko mugun riƙo bai taɓa sauya wa yaro uba ba.

Wannan kuwa tushensa addini ne. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a gidan Manzon Allah (SAW), har mutanen Makka suka saba kiransa Zaidu ɗan Muhammadu. Da ayoyin farkon Suratul Ahzab suka sauka a Madina, sai aka mayar da shi ga sunan mahaifinsa. Tun daga nan malamai suka raba abu biyu: tabanni, wato mayar da ɗan wani naka har suna da gado, wanda aka hana, da kafala, wato ɗaukar nauyin yaro, wadda ake kwaɗaitarwa a kai.

Abin da ya sauya lissafi ya faru ne nesa da nan. Ranar 25 ga Yuli 1978 aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a ɗakin gwaji, sannan aka dasa a mahaifa, abin da ake kira jaririn kwalba. Duniya ta riƙe sunayen waɗanda suka yi aikin, Patrick Steptoe da Robert Edwards, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 2010, daga baya ma aka tuna da abokiyar aikinsu Jean Purdy. Akwai dai adadin da ba a cika ambata ba. Da aka bincika littattafan aikinsu, an ga mata 282 ne suka miƙa jikinsu ga gwajin daga 1969 zuwa 1978. Biyar suka sami ciki. Biyu suka haihu. Sauran sun koma gida kamar yadda suka zo, kuma tarihin dashen ciki nasu ne su ma.

A 1980 Muftin Masar, Sheikh Jadul Haƙ, ya ba da fatawa cewa dashen halal ne matuƙar ƙwai da maniyyi na mata da mijinta ne, kuma igiyar aure na nan. Hakan ya buɗe wa Musulmi ƙofa. A Najeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka fara aikin a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas cikin shekarun 1980, suka sanar da haihuwa a 1989. A Fabrairun 1998 aka haifi wata jaririya ta wannan hanya a asibitin Nisa na Abuja, a hannun Dokta Ibrahim Wada. Daga nan asibitocin haihuwa suka yi ta ƙaruwa, 'yan Arewa masu hali suka kama hanyar Abuja da Legas da Alƙahira.

Mata da yawa sun rungumi 'ya'ya ta wannan hanya, ba a musun wannan. Sai dai likita ba ya ba da rabo. Ko a Ingila, macen da ba ta kai shekara 35 ba, damarta a dashe guda kusan ɗaya cikin uku ce, in ta haura 40 abin sai ya yi ƙasa ƙwarai. Wadda ta yi ta san wahalarsa: allura a fatar ciki kullum har kwana goma ko fiye, a kwashi ƙwai, a dasa, sannan a shiga jiran mako biyu, tana tsoron ko tsugunawa, tana duba zane duk sanda ta shiga bayi. In jini ya zo, an tashi a tutar babu, ga miliyoyin naira sun tafi, wataƙila da fili ko gwal a ciki. Shi mijin yana da mafita, dangi ma za su tuna masa da ita tun bai tambaya ba. Ita kuwa sai gori da sunan juya, ko da matsalar daga wajensa take, abin da gwaji ke yawan nunawa.

A ganina nan ne aka yi asara. Riƙo da ake yi tun da ƙuruciya, da rana tsaka, sai ya koma abin da ake tunawa da shi bayan an gaji, kamar shaidar an kasa. Hukumomin ba da yara a Birtaniya sukan ce ma'aurata su dakata kamar wata shida bayan dashen ƙarshe, su huce tukuna, kada a ɗora wa yaro nauyin maye gurbin wanda bai zo ba. Akwai hikima a ciki.

A Najeriya, doka ta biyo baya a hankali. Yankin Gabas ne ya fara kafa dokar ɗaukar yaro a 1965, Legas ta bi a 1968. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce mai nema ya girmi yaron da shekara 21, yaron ya yi wata uku a jere a hannunsa, sannan kotu ta yanke. Jihohin Arewa sun daɗe suna ja da ita. Kaduna ta yi tata a 2018, Kano sai a Mayun 2023.

Inda layin hukuma ya yi tsawo kuma kunya ta yi yawa, kasuwar bayan fage takan buɗe. A 2011 'yan sanda suka fito da 'yammata 32 masu ciki daga wani gida a Aba, inda ake zargin ana sayar da jariransu. A 2014 maganar ta isa Yamai. An kama mutane fiye da goma, cikinsu har da matan manya, bisa zargin shigo da jarirai kimanin 30 daga Najeriya ta hanyar Benin. Shugaban majalisar dokokin Nijar na lokacin, Hama Amadou, wanda shi ma zargin ya shafa, ya bar ƙasar a watan Agusta na shekarar, a 2017 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Ya musanta laifin, ya ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne. Tuhumar dai ita ce jingina wa mace haihuwar da ba ta yi ba, wato dai abin da aka hana tun zamanin Zaidu.

Hanyar halal tana nan. Akwai marayun dangi, akwai gidajen yara na gwamnati irin na Nasarawa a Kano, waɗanda ake bi ta ma'aikatar mata da kotu. In jariri bai kai shekara biyu ba, matar da za ta riƙe shi ko 'yar'uwarta ta jini tana iya shayar da shi ya zama muharraminta, likitoci ma na taimaka wa wadda ba ta haihu ba ta sami ruwan nono. Saura magana ɗaya ga mai shirin riƙo: ɗan riƙo ba ya cin gado. Abin da kake so ya samu, ka ba shi kyauta ya karɓa tun kana da rai, ko ka rubuta masa wasiyya cikin sulusin dukiyarka a gaban shaidu, kada ka bar shi ga tausayin magada.