Hano: Nasabarsa da Fa'idojinsa

Hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, itace ne na ƙasashen zafi da Allah Ya ajiye wa ƙamshi a cikin ƙaronsa, kuma wanda duk ya bi diddigin nasabarsa zai iske ɗan'uwa ne ga itacen lubban na Zufar da Hadaramaut da Somaliya, wanda fatake suka shafe ƙarnoni suna ɗora ƙaronsa bisa raƙuma zuwa Sham da Misira tun gabanin bayyanar Musulunci. Namu bai sami irin wannan shuhura ba, alhali kuwa kakanninmu sun san ƙimarsa tun kafin wani baƙo ya rubuta shi a littafi. Sai a shekarar 1910 masana tsirrai na Ingila suka laƙaba masa suna Boswellia dalzielii, don girmama Likita Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya kuma wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916.

Ɗabi'arsa abar lura ce. Ba ya son fadama, ya fi ƙaunar gindin duwatsu da ƙasa mai tsakuwa, inda waninsa zai ƙi kamawa. Ɓawonsa yana saɓulewa falle-falle tamkar takarda, kuma a tsakiyar rani, bayan ganye ya kakkaɓe ƙaf, sa'an nan yake fitar da fararen furanni masu ƙamshi. Saboda haka mutumin Gaya ko Ajingi, da yake galibin ƙasarsa jigawa ce, ya fi gamuwa da shi a shimfiɗar mai magani ran kasuwa, sassaƙe ɗauri-ɗauri. A kan dafa sassaƙen a sha ko a yi wanka da shi domin zazzaɓi da sanyin ƙashi da ciwon ciki, ƙaron kuwa a barbaɗa a garwashin kasko a turara ɗaki da tufafi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu sassaƙa ke zagaye gindin kakaf, su bar itacen tsirara har ya bushe a tsaye, alhali yana daga cikin itatuwa mafi sauƙin dashe: reshe kawai za a sara a kafa gab da faɗuwar damina, ya kama, ya zama shinge rayayye. Jama'a, wanda ya ɗebi sassaƙe ya tsaya ga gefe guda, ya kuma kafa ko da reshe ɗaya a iyakar gonarsa.