Yadda ake haɗa miksar sauti da kwamfuta

Na'urar haɗa sauti, wadda ma'aikatan gidajen rediyo da sutudiyo ke kira miksa, ita ce ke tattara muryoyin da ke shigowa daga makirfo daban-daban, ta daidaita su kafin a watsa ko a naɗa.

A da, sai an shimfiɗa wayoyi masu yawa kafin sautin ya isa kwamfuta. Miksar zamani kuwa kan mayar da shi lambobi, ta aika ta waya guda. Alal misali, X32 ta kamfanin Behringer, wadda ta fito a 2012, na iya aika layuka 32 zuwa kwamfuta ta wayar USB, ta kuma karɓi wasu 32 daga gare ta.

Matakin farko shi ne sanya manhajar da za ta sa kwamfuta ta gane miksar. A kan Windows, ana amfani da tsarin ASIO, wanda kamfanin Steinberg na Jamus ya ƙirƙiro. Kwamfutocin Mac kuwa galibi ba sa buƙatar ƙari, domin suna da nasu tsarin mai suna Core Audio.

Daga nan sai a zaɓi layukan da miksar za ta aika, a kuma ware wa kowane layi gurbinsa a manhajar naɗar sauti. Idan aka tsallake wannan, ana iya kammala taro a tarar ba a naɗi komai ba.

Wajibi ne kuma na'urorin biyu su dace a kan yawan samfurin sautin da ake ɗauka a kowace daƙiƙa. Faifan CD na amfani da 44,100, yayin da aikin bidiyo ke amfani da 48,000. Saɓani a nan kan jawo ƙaraf-ƙaraf, ko murya ta sauya.

Akwai kuma batun jinkiri. Kwamfuta na tara samfura kafin ta sarrafa su: tara 128 a kan 48,000 na ɗaukar kusan kashi uku cikin dubu na daƙiƙa. Rage adadin na rage jinkiri, amma yana ƙara wa kwamfutar nauyi.

Wayar USB 2.0 ba ta wuce mita 5, don haka manyan ɗakunan taro kan koma ga tsarin Dante na kamfanin Audinate na Ostareliya, wanda wayarsa ke kaiwa mita 100.

Ko wace hanya aka bi, ya kamata a yi naɗin gwaji a saurara kafin a soma shiri, tunda lacca ko hirar kai-tsaye ba a maimaita ta.