Tsakanin Maɗori da Asibitin Dala

A ƙasar Kankiya da Kusada, idan matashi ya faɗi a filin ƙwallo ya kasa taka ƙafa, kafin a iso da shi gida dangi sun rabu biyu: wasu su ce a kira maɗori, wasu su ce a nemo mota. Wannan gardama ta girme mu, kuma tana da tarihin da ya kamata mu sani tun ba a zo kanmu ba.

Maɗori ya riga kowa. Tun kafin Turawa su ci Katsina a 1903 akwai gidajen da suka gaji ɗori, uba ya koya wa ɗa, kamar yadda ake gadon wanzanci da ƙira. Aiki kuwa ba ya yanke musu: 'yan dambe da 'yan kokawa da ke cika fage bayan kaka, yara masu langa, wanda doki ya kayar, wanda ya faɗo daga kan rimi. Maɗori zai laluba da hannu, ya ja gaɓar ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure, ya bi da addu'a. Mu faɗi gaskiya, sau da yawa ana warkewa. Ƙashi yana haɗe kansa matuƙar an daidaita shi an hana shi motsi, na yaro cikin 'yan makonni, na babba cikin wata biyu zuwa uku. A karayar da ba ta huda fata ba kuma ba ta taɓa gaɓa ba, abin da maɗori ke yi da abin da likita ke yi 'yan uwan juna ne.

Da ma asalinsu ɗaya. Hugh Owen Thomas, wanda ake ɗauka uban likitancin ƙashi a Birtaniya, ɗan gidan maɗora ne 'yan asalin yankin Wales. Ya yi karatun likita, ya zauna a Liverpool, ya ƙera wani ƙarfe na riƙe cinyar da ta karye. Ya rasu a 1891, amma ɗan ɗan'uwan matarsa da ya taso a hannunsa, Robert Jones, ya kai ƙarfen fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda mace-macen sojojin da suka karye a cinya suka ragu ƙwarai. Abubuwa biyu ne suka raba hanyar asibiti da ta gado. Na farko filasta, wadda wani likitan sojan Holan, Antonius Mathijsen, ya fito da ita a farkon shekarun 1850. Na biyu, kuma shi ne babba, hoton ƙashi, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895. Daga nan likita ya fara ganin abin da hannu ke laluba kawai.

Mu nan yaƙi ne ya kawo mana asibitin ƙashi. Na Igbobi a Legas ya fara ne a shekarun 1940 a matsayin wurin jinyar sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Na Inugu ya biyo bayan yaƙin basasa. Namu na Arewa shi ne na Dala a Kano, wajen Ƙofar Ruwa, wanda aka buɗe a 1959. A 1979 gwamnatin tarayya ta haɗa ukun ƙarƙashin hukuma ɗaya. Kankiya tana kan titin Kano zuwa Katsina, mutumin Kusada kuma da ya fito Yashe ya hau wannan titin, ta Tsanyawa da Bichi sai Kano. Shi ya sa shekara da shekaru idan aka ce "an wuce da shi Dala" kowa ya san karayar ba ƙarama ba ce.

A nan ne tsoro ya shigo. Mun tashi muna jin ana cewa Dala yanke ƙafa suke yi. Maganar tana da tushe, sai dai an faro labarin daga tsakiya. Gaɓar da ta karye tana kumbura a kwana biyun farko. Idan aka ɗaure ta tamau, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jini. Tsokar da ta rasa jini na wasu sa'o'i ta mutu, ba ta dawowa. Majinyaci yana ihu, ana ba shi haƙuri wai ɗori ne ke kamawa. Sai yatsu sun yi baƙi, wari ya tashi, sannan a nemi mota. Abin da ya rage wa likita a lokacin shi ne ya ceci rai. Labarin da ke komawa gari shi ne an je asibiti da ƙafa biyu an dawo da ɗaya, sai na gaba ya ƙara jinkiri. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubutu a kan wannan ruɓewa, kuma yara na cikin waɗanda ta fi shafa.

Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 hanyoyi sun ƙaru. Akwai Babban Asibitin Kankiya a kusa. A birnin Katsina akwai asibitin ƙashi na Janar Amadi Rimi, akwai kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da aka mayar asibitin koyarwa. Ga asibitocin kuɗi da tallarsu ke biyo mu har cikin Facebook. Raunukan ma sun sauya: haɗarin babur ya zo, ƙwallon ƙafa ta mamaye kowane fili, kuma ita ƙwallo gwiwa da idon sawu take ci fiye da ƙashi.

Wannan sauyi ne ya fi rage wa maɗori ƙarfi. A cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna suna riƙe ta, akwai kuma guringuntsi tsakanin ƙasusuwan. Ɗan wasa ya murɗa ƙafa, ya ji wani abu ya yi ƙara, gwiwa ta kumbura nan take, daga baya ta riƙa sulluɓe masa in ya juya: sau da yawa jijiyar gaba ce ta tsinke. Mu duk targaɗe muke kiran wannan, a murza, a ja, a gasa da ruwan zafi. Hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna ta, sai gwajin ƙwararren likita da na'urar MRI. Wanda ya ci gaba da buga ƙwallo a haka yana cinye guringuntsinsa, ciwon gwiwar tsufa ya same shi da sauran ƙuruciyarsa.

Don haka a ganinmu tambayar farko ita ce wane irin rauni ne, kafin a zo kan wane asibiti. Ƙashin da ya huda fata, karaya a gwiwa ko gwiwar hannu ko ƙugu, gocewar gaɓa, raunin wuya ko baya, waɗannan ba a kwana da su. Haka ɗaurin da zafinsa ke ƙaruwa, yatsu suka yi sanyi ko suka daina ji, ko na maɗori ne ko filastar asibiti, a sassauta shi a tafi a daren. Sauran kuma a fara da hoto a asibiti mafi kusa, a karɓi takardar turawa idan abin ya fi ƙarfinsu.

In an kai ga zaɓen asibitin, allon da ke bakin ƙofa ba ya aiki. A tambaya ko likitan da zai duba ƙwararren likitan ƙashi ne ko likita ne na gama-gari, kuma ran nan yana nan ko sai an kira shi daga wani gari. A tambayi kuɗin aikin gaba ɗaya, har da ƙarfen da za a sa da cire shi in za a cire. Sai abin da aka fi mantawa, sashen gashin ƙashi. Wanda aka gyara wa jijiyar gwiwa yana bukatar atisaye na wata shida zuwa tara, wani lokacin fiye, kafin ya koma fili. Ga ɗan Kusada wannan lissafin kuɗin mota ne mako bayan mako, kuma shi ne zai nuna ko Katsina za a nufa ko Kano.