Rawar dattawa masu hawan jini da ciwon suga

Nan Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, iyayenmu da yawa sun bar filin rawa saboda hawan jini, suga ko ciwon gwiwa. To, ba sai sun bari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na son masu shekara 65 zuwa sama su motsa jiki aƙalla minti 150 a sati, rawa kuwa tana ciki. Sai dai mai kalangu ya sassauta kiɗa, a bar tsalle da saurin juyi. Wanda ƙafa ta gaza ya yi tasa a zaune, da kafaɗa da hannu. Mai suga kada ya shiga da yunwa ko babu takalmi, don rauninsa ba ya saurin warkewa. In an ji jiri ko ciwon ƙirji, a tsaya, a nufi likita.