Layin Mata a Zaitawa da Gardamar da Ba a Ƙarasa Ba

Duk wanda ya ratsa mazaɓar Zaitawa, cikin ƙwaryar birnin Kano, ranar zaɓe, zai ga layin mata ya miƙe daban da na maza, kowacce da hijabinta da katinta a hannu. Ba mai ɗaga ido ya dube su. Amma shekarar 1959, lokacin zaɓen tarayya na gab da samun 'yancin kai, matan Ibadan da Inugu sun jefa ƙuri'a, kakannin waɗannan mata kuwa doka ta hana su.

Hujjar da aka fi kawowa a wancan zamani ita ce addini da al'ada, kuma a kanta jam'iyyar NPC ta tsaya. Ni dai ban gamsu cewa fiƙihu ne ya yanke hukuncin ba. Dalilina na farko: waɗanda suka yi jayayya ba baƙi ba ne ga littafi. Malam Aminu Kano, jagoran jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, ɗan gidan alƙalai ne, malamin tafsiri. Isa Wali, wanda ya rubuta maƙalu kan matsayin mace a Musulunci a jaridar Nigerian Citizen a 1956, ɗan Walin Kano ne. Da aya da hadisi suka yi gardama, suna tunasar da sarakuna cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albab, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Hajiya Gambo Sawaba kuwa, da ta zo Kano daga Zariya tana shiga gidajen kulle tana wa mata huɗubar NEPU, ba a ba ta amsa da nassi ba. Gidan yari aka kai ta.

Dalili na biyu ya fi ƙarfi. Matan Maraɗi da Damagaram, Hausawa ne kamar na Kano, mazhabarsu ɗaya ta Malikiyya, amma sun sami ƙuri'a a 1956 bisa dokar da Faransa ta yi wa ƙasashen da take mulka. Iziyya da Risalar da ake karantawa can su ake karantawa a zaurukan birni. Abin da ya bambanta shi ne wanda ke riƙe da mulki da abin da yake tsoron rasawa.

To, ta yaya ƙuri'ar ta iso? Ba don wani ɓangare ya kayar da wani a mahawara ba. Gwamnatin soja ce ta ba da ita a 1976, tare da gyaran ƙananan hukumomi, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. Nan take 'yan siyasar da suka ce bai dace ba suka shiga neman motocin kwasar mata zuwa rumfa. (Shi Malam Aminu ya wuce nan: mace ya ɗauka mataimakiyar takararsa ta shugaban ƙasa kafin rasuwarsa a 1983.)

Tun da doka ce ta datse gardamar, tambayar asali tana nan: mace mai zaɓe ce kawai, ko tana iya wakilci? Nijar ta tunkare ta da dokar kaso ta 2000, wadda ta wajabta wa jam'iyyu ware wa mata kujeru. A Kano, abin da jam'iyya ke miƙa wa macen Zaitawa shi ne muƙamin shugabar mata, da rabon atamfa da taliya idan kamfe ya zo. Majalisar dokokin jiha tana da kujeru 40, kuma a zaɓen 2023 ba ko ɗaya da ta faɗa hannun mace.