Tarihin Igiyar Ruwan da Ta Ƙi Watsewa

A wannan ɗan taƙaitaccen bayani ina so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu tarihin wani al'amari da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Kowa ya sani in aka jefa dutse a kududdufi, igiyar da ta tashi takan bazu, ta raunana, ta mutu. To, ashe akwai wadda ba ta bin wannan ƙa'ida.

A watan Agusta na 1834 wani injiniya mutumin Sikotilan, John Scott Russell, yana gwajin jiragen ruwa a hanyar ruwan nan ta Union Canal, kusa da Edinbara. Dawaki biyu na jan wani jirgi, sai jirgin ya tsaya cak. Ruwan da ya taru a gabansa kuwa bai tsaya ba, ya dunƙule ya zama tudu guda mai tsawon kamar ƙafa 30, ya miƙa gaba abinsa, yana gudun mil 8 ko 9 a awa. Russell ya bi shi bisa doki har mil 1 ko 2 kafin ya ɓace masa.

Da ya buga rahotonsa a 1844, manyan malaman lissafi irin su Airy da Stokes suka yi tababa, don lissafinsu bai yarda da haka ba. Ni a ganina girman suna ne ya danne shaidar ido. A 1876 Rayleigh ya mara masa baya, sannan a 1895 Korteweg da de Vries, mutanen Holan, suka fayyace dalili. Wato abu biyu ke ja-in-ja: ruwa na son baza igiyar, alhali ƙololuwarta ta fi gindinta sauri, tana tattaro ta. In suka yi kunnen doki, sai siffarta ta zauna daram.

Daga nan maganar ta kwanta shekara 70. A 1965 Zabusky da Kruskal, a Amurka, suka gani da kwamfuta cewa irin waɗannan igiyoyi kan yi karo, kowace ta fito da siffarta, suka raɗa musu suna soliton. A 1973 Hasegawa da Tappert suka nuna cewa haske ma zai iya yin haka cikin zaren gilashi, Mollenauer da abokan aikinsa kuwa suka tabbatar da shi a ɗakin gwaji a 1980.